Neman shawara: Maigidana ya ce dokokin Musa suna kanmu har yau

Mai neman shawara:
Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Don Allah a sakaya sunana. Maigidana mutum ne mai tsoron Allah, tare muke zuwa sujada tun da muka yi aure. Kwanan nan ya duƙufa kan karatun Tsohon Alkawari, ni kuwa har murna na yi. To yanzu ba ya taɓa aiki daga faɗuwar rana ta Jumma'a har faɗuwar rana ta Asabar, ya hana naman alade da kifin da ba shi da ɓawo, ya kuma ce sujadar Lahadi sarkin Roma Konstantin ne ya ƙirƙiro ta. Hujjarsa Matiyu 5:17, inda Yesu ya ce bai zo ya shafe Attaura ba, sai dai ya cika ta. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ya ce duk wanda ya ji wannan gaskiya bai bi ba, cetonsa na cikin shakka. Yara sun fara tambayata wane ne mai gaskiya tsakanin babansu da malaminsu na makarantar Lahadi. Shin dokokin nan suna kanmu har yau? Yaya kuma zan zauna da shi?

Wata mama daga zumuntar mata:
'Yata, sannu da haƙuri. Kada ki yarda ku yi gardamar nan a gaban yara, ko sau ɗaya. Abin da ya ce ba ya ci, kada ki dafa masa, barin cin wani nama ba zunubi ba ne. Romawa 14 ta ce mai ci kada ya raina wanda ba ya ci, wanda ba ya ci kuma kada ya hukunta mai ci. Rabin ayar naki ne, rabin nasa.

Malamin nazarin Littafi Mai Tsarki:
'Yar'uwa, tambayarki ta kusa raba ikkilisiya tun manzanni suna da rai. Ki buɗe Ayyukan Manzanni 15. Waɗansu sun zo Antakiya daga Yahudiya suna koyar da cewa in ba a yi wa mutum kaciya bisa al'adar Musa ba, ba zai sami ceto ba. Bulus da Barnaba suka ƙi, aka ɗauki maganar zuwa Urushalima, wajen shekara ta 49. A can Bitrus ya miƙe ya tuna musu yadda Ruhu Mai Tsarki ya sauko a kan al'ummai ba tare da sun zama Yahudawa ba, ya tambaye su don me za a ɗora wa almajirai karkiyar da su da kakanninsu suka kasa ɗauka. Yakubu, jagoran ikkilisiyar Urushalima, ya yanke magana, aka rubuta wasiƙa da abu huɗu kawai: su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da naman abin da aka maƙure, da fasikanci. Ba a ambaci Asabar ba, ba a kawo jerin dabbobin Littafin Firistoci 11 ba. Mutanen da suka yanke wannan hukunci Yahudawa ne da suka tashi cikin Attaura, sun fi mu saninta nesa ba kusa ba.

Ayar da maigidanki yake riƙe da ita gaskiya ce, amma a duba yadda Yesu ya cika Shari'ar. Ibraniyawa 10 ta ce jinin bijimai da na awaki ba ya kawar da zunubi, Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya tak. Shi ya sa ba wanda yake kai rago bagade a yau, har da maigidanki. Haikalin ma Romawa sun rushe shi a shekara ta 70. Malaman Yahudawa sun lissafta dokokin Attaura 613, a cikinsu har da hana sa tufar da aka haɗa ulu da lilin. Galatiyawa 5:3 ta ce wanda ya karɓi kaciya don neman kuɓuta, wajibi ne ya kiyaye Shari'ar dukanta. Ba a zaɓen uku a bar sauran.

Wani ɗan'uwa mai kiyaye Asabar:
Malam, da girmamawa, ban yarda a haɗa Asabar da hadayar dabbobi a ƙulli ɗaya ba. Allah ya tsarkake rana ta bakwai tun a Farawa 2, kafin a haifi Ibrahim balle Musa. Tana cikin Dokoki Goma da aka rubuta a kan allunan dutse, Fitowa 20. Yesu da kansa ya saba shiga majami'a ranar Asabar, Luka 4:16. Kuma ba mu kaɗai ba ne, Ikkilisiyar Otodoks ta Habasha, wadda ta kafu tun ƙarni na 4, tana girmama Asabar da Lahadi duka, mutanenta ba sa cin alade. In dokoki tara suna nan daram, ina aka soke ta huɗun, wato ta Asabar?

Ɗalibin makarantar tauhidi:
Ɗan'uwa, Kolosiyawa 2:16-17 ta ce kada kowa ya hukunta ku a kan ci da sha, ko idi, ko tsayawar wata, ko Asabar, domin waɗannan inuwa ce ta abin da ke zuwa, ainihin kuwa Almasihu ne. Na san kuna fassara ta da Asabar ta bukukuwan shekara, amma Romawa 14:5 ma ta bar zancen rana ga lamirin kowa.

Batun Konstantin kuwa, abin da ya yi a shekara ta 321 shi ne ya mai da Lahadi ranar hutu a daular Roma. Masu bi sun daɗe suna taruwa a ranar kafin shi. Ayyukan Manzanni 20:7 ta nuna su suna gutsuttsura gurasa a ranar farko ta mako, Jastin Shahidi kuma, wani marubucin Kirista na farko-farko, ya bayyana taron Lahadi a rubuce wajen shekara ta 150. Ranar tashin Ubangiji daga matattu ce, shi ne dalili.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, hankalina ya ɗan kwanta. Amma ga abin da na san zai ce mini: in ba ma ƙarƙashin Shari'a, ke nan Dokoki Goma ma sun faɗi? Kowa ya yi abin da ya ga dama?

Wani fasto mai ritaya:
'Yata, Bulus ya yi wa kansa wannan tambaya a Romawa 6, ya amsa da a'a mai ƙarfi. Yawancin ikkilisiyoyi sun daɗe suna kasa Shari'a uku: ta ɗabi'a, ta ibadar Haikali, da ta mulkin ƙasar Isra'ila. Malamin tauhidi Toma Akwinas ya koyar da haka a ƙarni na 13, Kalvin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta, shi ma ya bi. Rabon yana taimako, ko da yake Musa bai jera su haka ba, don haka ni na fi son hanya mai sauƙi: ki duba abin da Yesu da manzanni suka sake ɗora mana. Bautar gumaka, kisa, zina, sata, shaidar zur, ƙyashi, raina iyaye, duk an sake hana su a Sabon Alkawari. Yesu ma ƙara musu nauyi ya yi. A cikin Matiyu 5 ɗin nan da mijinki yake karantawa, ya kai hukuncin kisa har kan fushi, ya kai na zina har kan kallon sha'awa. Wanda ya ce alheri ya rage masa aiki bai karanta surar har ƙarshe ba.

Ga abin da nake so ki nuna wa mijinki. Bulus ya yi wa Timoti kaciya, Ayyukan Manzanni 16:3, don kada Yahudawa su yi tuntuɓe. Bulus ɗin nan kuma ya ƙi a tilasta wa Titus, Galatiyawa 2:3, domin a can an mai da ita sharaɗin ceto. Aiki ɗaya ne, dalili ya bambanta. In mijinki yana hutun Asabar domin ya girmama Ubangiji, ki taya shi, ki gama aikin gida da wuri ranar Jumma'a, ba ki yi asarar kome ba. In ya ce ba za ki tsira ba sai da ita, nan kam kada ki yarda, domin ya ƙara wani abu a kan gicciye. Ki faɗa masa da ladabi, ku biyu kaɗai, sa'an nan ki roƙe shi ku karanta Galatiyawa tare, sura shida ce kawai. In abin ya ƙi, ku je wurin fastonku tare, kada ki riga shi zuwa kai ƙara.

Ɗan'uwa mai kiyaye Asabar:
Baba, a kan rana har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba. Amma a kan ceto bakinmu ɗaya, mu ma ta wurin alheri muke koyar da shi, Afisawa 2:8-9. 'Yar'uwa, ki tambayi maigidanki a hankali wa yake saurara, kuma ko mutumin yana ƙarƙashin wata ikkilisiya da za ta iya tsawata masa. In an ce masa ya janye ku daga zumunci da sauran masu bi, ki sanar da dattawa tun da wuri.