Madaci da madobiya: dangi ɗaya ne, kuma wanne ya fi kusa da ƙarewa?

Kafinta: Ni fa a wurina madaci da madobiya wa da ƙani ne. Duka katako ne mai ja-ja, mai nauyi, mai ɗaukar sheƙi. Kuma madaci ne ke cikin haɗari, don shi aka fi sani.

Ɗalibar gandun daji: Baba, a gafarce ni, launin katako ba ya nuna dangi. Madobiya, wato Pterocarpus erinaceus, 'yar gidan wake ce, danginta su tsamiya da ɗorawa. Madaci kuwa, Khaya senegalensis, ɗan'uwan dogon yaro ne.

Kafinta: Wake? Itace guda ki haɗa shi da wake? Haba 'yata!

Ɗalibar gandun daji: Ku dubi 'ya'yan, Baba. Madobiya tana fure ruwan ɗorawa da rani bayan ta zubar da ganye, sannan ta yi kwanso mai faɗi, da fiffike kewaye da ƙayoyi a tsakiya. Na madaci dunƙule ne mai tauri, ya bushe ya tsage gida huɗu. Ɗacin ɓawonsa ma ai ya isa ya tuna muku dogon yaro.

Makiyayi: Ganyen duka biyun dabbobi na ci da rani. Amma gaskiya babbar madobiya ta yi wuyar gani.

Ɗalibar gandun daji: Yawwa. Ƙungiyar IUCN, mai tantance halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya, ta sa madobiya a sahun masu haɗarin ƙarewa a 2018. Madaci mataki ɗaya yake ƙasa, a sahun masu rauni. Kasuwar kayan ɗaki ta Sin ce ta cinye madobiya, da sunan kosso. A 2016 aka sa madobiya a rukuni na biyu na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazana, madaci kuwa sai a taron CITES na Panama a 2022.

Malamin makaranta: Ƙanwata, batun dangi kin yi gaskiya, amma kwatancen nan bai kwanta mini ba. Hukuncin IUCN kan madaci na 1998 ne. Shekara ashirin tsakani! Ko madacin Amurka, ɗan'uwansa, an daɗe ana cewa mai rauni ne, da aka sake dubawa a 2023 sai ga shi a sahun haɗari.

Kafinta: To kun ji! Ashe ban yi ƙarya ba.

Malamin makaranta: Rabi kuka ci, Malam. Zancen wa da ƙani dai ya faɗi.

Kafinta: Sai na ga kwanson da idona tukuna.