Muhawara: Tsirrai Za Su Iya Karya Taurin Kan Fangas?

Sadiya: Assalamu alaikum. Wallahi na gaji. Sau uku ana rubuta min fluconazole, maganin ƙwayar cutar fangas, ciwon ya lafa ya dawo. Yanzu likita ya ce fangas ɗin ya daina jin maganin. Me ya hana a ba mu na tsirrai? Na ji eugenol, sinadarin da ke cikin kanumfari, yana taimaka wa fluconazole, kuma babu kemikal a cikinsa.

Malam Nasiru: Allah ya ba ki lafiya. Amma maganar "babu kemikal" kuskure ce. Eugenol ɗin kansa kemikal ne, tsiro ne kawai ya haɗa shi.

Hajiya Binta: Haba Malam, ka san abin da take nufi. Kemikal na masana'anta.

Malam Nasiru: Hajiya, ƙwayar cuta ba ta tambayar inda aka haɗa abu.

Umar: Ku bar wannan. Fangas yana da wani abu kamar famfo da ke tofar da maganin waje kafin ya yi aiki. A ɗakin gwaji an ga berberine da thymol, sinadaran da ake samu a tsirrai, suna ƙara wa fluconazole ƙarfi a kan fangas ɗin Candida mai taurin kai. Amma farantin gwaji daban, jikin mutum daban. Anti Sadiya, a yi miki gwaji a gane irin fangas ɗin, akwai wasu magungunan.

Hajiya Binta: To artemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, fa? Daga tazargade aka ciro shi, har Tu Youyou, masaniyar da ta gano shi, ta samu kyautar Nobel a 2015.

Malam Nasiru: Ciro shi aka yi, aka tace, aka auna. Kemikal kenan.

Aminu: Malam ai kantin magani gare shi, dole ya kare abincinsa.

Malam Nasiru: Aminu ka ji tsoron Allah. Yaushe na tallata wa wani magani a nan?

Aminu: Bara ma haka ka yi min da na kawo maganar tafarnuwa.

Umar: Jama'a, Candida auris da aka gano a Japan a 2009 tana cikin fangas huɗu mafi hatsari a jerin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022. Maganar ba ta wasa ba ce.

Sadiya: Ni dai har yanzu ban ji abin da zan yi ba.

Hajiya Binta: A matsayina na admin na rufe. An tabbatar tsirrai na aiki, Umar ma ya shaida. Malam Nasiru ya maƙale wa kalma ɗaya. Sadiya, zan kira ki anjima.