Wai kalsiyam na maganin borin jini? Shawarwarin 'yan zaure daga Kebbi

Maman Hanifa:
Salamu alaikum 'yan uwa, an wuni lahiya, ya sanyi. Don Allah shawara nika nema, tun da hunturun bana ya shigo na rasa inda zan sa kaina, da asuba atishawa ba ƙaƙƙautawa hanci na zuba ido na ƙaiƙayi, in dare ya yi kuma jiki shi tashi ruɗu-ruɗu in ta susa sai can gab da assalatu shi kwanta. Maƙwabciyata tac ce in sayi kalsiyam wanga da ake jefawa cikin ruwa shi narke, wai shi take sha in nata ya tashi. Akwai wanda yaj jarraba? kuɗinai ba kaɗan ba shi ya sa nika tambaya kahin in saya

Gwaggon Jega:
Wa'alaikumus salam ɗiyata, sannu, Allah shi ƙara sauƙi. Borin jini na wanga. Bar na ruwan nan, allurar kalsiyam mu munka sani tun muna da ƙuruciya, ta jijiya ta, kina zaune za ki ji ɗumi ya biyo miki tun daga maƙoshi har tahin ƙahwa, kahin ki kai gida abin ya lafa

Ɗan Yauri:
Hajiya ki taho Yauri kawai a soya miki ƙananan kihi ki cinye da ƙashinsu, ga kalsiyam nan ba ko sisi

Mai Famasi:
Ɗan Yauri kifin naka gaskiya ne yana da kalsiyam, amma ba zai hana ta atishawa ba. Maman Hanifa ki riƙe kuɗinki. Abin da ke faruwa shi ne in ƙura ko ƙaiƙayin hatsi ko wani abinci da jikinki bai so ya shiga, akwai wasu ƙwayoyin halitta a fata da cikin hanci da suke fashewa su saki wani sinadari histamin, shi ke sa ƙananan jijiyoyin jini su buɗe ruwa ya tsattsafo, fata ta kumbura ta yi ƙaiƙayi, hanci ya yi ta zuba. Kalsiyam ba ya tare histamin ko kaɗan, hasali ma su waɗannan ƙwayoyin sai kalsiyam ya shiga cikinsu sannan suke sakin sa. Kuma ba mu kaɗai ba ne, a Turai ma musamman Folan da Jamus an daɗe ana ba masu aleji (wato irin wannan borin jini da atishawa) shi da tunanin yana toshe bangon jijiya, to a 2017 likitoci a jami'ar likitanci ta Warsaw, babban birnin Folan, suka gwada, wasu aka ba su kalsiyam wasu aka ba su ƙwayar da ba komai cikinta, aka ɗiga musu abin da ke tada musu aleji a fata, kumburi da ƙaiƙayin duk ɗaya suka fito

Gwaggon Jega:
To ɗana mu da munka gani da idonmu fa? ko ƙarya muka yi

Mai Famasi:
Wane ni Gwaggo, Allah ya huci zuciyarki. Kin ga ya kwanta tabbas. Amma shi borin jini halinsa ke nan, kowane kumburi awoyi kaɗan yake yi, da wuya ya wuce kwana guda a wuri ɗaya, ko an yi allura ko ba a yi ba zai lafa ya sake fitowa wani wurin. Sannan ki tuna ko ita kaɗai aka yi miki ranar, don in an haɗa da allurar Piriton ko haidirokotison to su suka yi aikin, ita kalsiyam ɗumin kawai ta ba ki

Anti Nas:
Bari in shigo nan don maganar allurar ce ta tada min hankali. Don girman Allah kar wanda ya miƙa hannu a kemis a ɗura masa kalsiyam a jijiya saboda ƙaiƙayi. In aka tura ta da sauri tana iya rage bugun zuciya ko ta birkita shi mutum ya faɗi a wurin, in kuma ta kuskure jijiya ta zuba cikin nama tana ƙona wurin ya zama gyambo. Mu a ɗakin haihuwa muna ajiye ta ne saboda mata masu jijjiga da ake yi wa allurar magnisiyam, in magnisiyam ɗin ya yi musu yawa ita ce makarinsa, kuma a hankali ake tura ta ana lura da bugun zuciya. Jarirai sabbin haihuwa ma ba a haɗa musu ita da allurar seftiriyazon ta kashe ƙwayoyin cuta sam

Abban Sadik Argungu:
Ni dai nawa na san mafarinai, shinkafa. Duk shekara da an fara yanka da bugu a fadama shi ke nan ni da barci sai dai labari, wuya da hannuwa su yi jajir. Abin da yat taimake ni riga mai dogon hannu, takunkumi irin na lokacin korona, in na dawo wanka tun kahin in zauna bisa katifa kuma kayan gona ba su shiga ɗaki. Piriton kam na bar ta da rana, in nas sha in hau babur barci nika ji hanyar Birnin Kebbi

Mai Famasi:
Yauwa Alhaji ka kawo maganar. Piriton tana aiki amma tana sa barci, direba da ɗan kabu-kabu da mai injin casa su kiyaye ta. Setirizin ko loratadin miligiram 10 sau ɗaya a rana shi ne na babba, ba su cika sa barci ba duk da setirizin na ɗan kasala wa wasu, kuma sun fi wancan na jefawa a ruwa araha nesa ba kusa ba. Na yara awonsu daban, da shekaru ake bi. In toshewar hanci ce ta fi damun mutum akwai na fesawa a hanci irin su bekilometason, sai an jure ana yi kullum kafin a ga amfaninsa

Uwar Biyu Zuru:
Mu nan deksa (deksametason) mutane ke sha, ƙwaya ƙanana nan, ka sha yau gobe ras. Ƙanwar maigidana ma har da kalsiyam likita ya haɗa mata da firednisolon, shi ya sa na ɗauka duk na alejin ne

Anti Nas:
A'a maman biyu, shi firednisolon da deksa in aka daɗe ana sha suna cinye ƙashi, shi ya sa likita ke haɗawa da kalsiyam da bitamin D don ya kare mata ƙashin. Kuma deksar nan da kike ji tana kwantar da ƙaiƙayi ita ce dai ta sha-ka-fashe, fuska ta kumbura, suga ya hau, hawan jini, ga shi in an saba ba a yanke ta rana ɗaya sai likita ya rage a hankali. Ban ba kowa shawarar ta ba gaskiya

Maman Hanifa:
Tab, Allah shi saka da alheri. To Anti ita ƙanwata da anka ba kalsiyam wurin awo ta bari kenan?

Anti Nas:
Kar ta bari! Nata daban ne, hukumar lafiya ta duniya ta ba da shawarar masu ciki a wuraren da abincinsu bai da kalsiyam sosai su sha giram 1.5 zuwa 2 a rana don rage hawan jinin ciki da ke kai wa ga jijjiga. Ta dai raba shi da ƙwayar ƙarin jini, ɗaya da safe ɗaya da yamma, don yana hana ta shiga jiki sosai. Haka yake yi wa magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su sifro da tetarasaikilin, da maganin maƙoƙo ma. Ke da ba ki da ciki kusan miligiram 1000 ne buƙatarki a rana, ga nono ga kindirmo ga riɗi da zogale da kuka, in kika lafta na kwalba a kai ba dalili sai taurin bayan gida, wasu har tsakuwar ƙoda

Malam na Bunza:
Ni tambaya gare ni ga Hajiya, ke kaɗai ke susa cikin gidan ko da yara? Don in kowa na yi kuma da dare ya fi tsanani, tsakanin yatsu da wuyan hannu da gindin cibiya, to ƙazuwa ta, mun sha fama da ita ga almajirai, nan sai maganin shafawa gida duka rana guda a wanke shimfiɗa da ruwan zahi a shanya

Maman Hanifa:
Ni kaɗai ta Malam, kuma ba ƙuraje ba na, faɗi-faɗi shika fitowa shi ɓace

Mai Famasi:
To borin jinin ne. Ki fara loratadin ko setirizin, ki rage zafin ruwan wanka, ki shafa man kaɗe bayan wanka don hunturu na busar da fata, turaren wuta da hayaƙin maganin sauro ki ɗan ɗaga musu ƙafa. In za ki sha maganin ciwon jiki ki tsaya kan farasitamol, asfirin da ibufirofen da dikilofenak suna tada wa wasu borin. Ya wuce sati 6 yana zuwa yana komawa to ki ga likita a duba

Anti Nas:
In kuma leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi na fita da ƙyar ko jiri ya ɗebe mutum bayan cin gyaɗa ko kifi ko harbin zuma ko shan wani magani, wannan ba na ƙwaya ba ne, asibiti a guje, allurar adirinalin ake yi a cinya

Ɗan Yauri:
Anti kin ce kihi? to na janye gayyata sai Hajiya ta tabbatar ba shi ka tada mata ba

Gwaggon Jega:
Turaren wutan kam ba ta bari, na san ɗiyan yanzu. Ɗana rubuto min sunan wagga ƙwayar da ba ta sa barci da manyan baƙaƙe in ba jikana shi sawo min ranar kasuwa