Na ba darasin Zoom fifiko a rauta, amma har yanzu yana tsinkewa

Mai tambaya, daga Samaru:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana harkar netwok. Ina kula da wata ƙaramar cibiya mai kwamfuta 24 a Samaru ta Zariya, ba nisa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ta eriya intanet yake zuwa mana: megabit 20 na saukewa da megabit 5 na ɗorawa, bisa yarjejeniyarmu da kamfanin. Da safe komai lafiya lau. Amma daga bayan Azahar, idan ɗalibai suka cika wurin, wannan yana ɗora takardun rajista wancan yana sauke manhaja, sai darasin da wata malama take gabatarwa ta Zoom a ɗakin ciki ya fara tsinkewa. Jiya na tsaya a bayanta ina kallo, hoton ɗalibanta ya daskare, ta maimaita jimla ɗaya har sau uku, daga ƙarshe ta cire abin sauraro daga kunnenta ta ajiye a kan tebur, ta juyo ta dube ni ba ta ce uffan ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin kuɗinta ta biya.

Rautar MikroTik muke amfani da ita. Na rubuta dokoki a mangle, sashen da ake yi wa fakiti (ƙunshin bayanan da suke bi ta netwok) alama, na saka wa fakitin Zoom da na kiran WhatsApp alamar DSCP 46, lambar da take nuna muhimmancinsu, na ba su fifiko na 1 a queue tree, inda ake tsara layukan jira, sauran kuma na 8. Ƙidayar dokokin tana motsi, amma babu abin da ya sauya, kuma idan na gwada ping, wato awon jinkirin zuwa da dawowar saƙo, da yamma yakan haura milisakan 1000. Don Allah a ina na kuskure?

Amsa ta farko, daga Kongo:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, ka duba ko ka saka max-limit, wato iyakar sauri, a kan uwar layin da sauran layukan suke ƙarƙashinta, domin ina kyautata zaton ba ka saka ba, kuma nan ne gizo yake saƙa.

Fifiko ba ya aiki sai inda aka yi layi. Rautarka tana haɗe da eriya ta waya mai ɗaukar megabit 100 ko ma 1000, saboda haka a ganinta hanya fetal take, duk fakitin da ya zo sai ta tura shi nan take, ba ta da dalilin tsayar da wani don wani ya wuce. Cunkoson yana can gaba, a cikin eriyar ko a na'urar kamfanin, inda aka matse hanyar zuwa megabit 5, kuma waccan na'urar ba ta san dokokinka ba: wanda ya riga zuwa shi yake fara wucewa. Kamar ka ajiye mai ba da hannu a PZ ne alhali motoci a Kwangila suka cushe.

Ka yi lissafin da kanka. Idan ma'ajiyar eriyar tana iya riƙe megabait 1 na fakiti, megabit 8 ke nan, kuma a kan hanyar megabit 5 sai an ɗauki daƙiƙa 1.6 kafin ta zazzage. Duk ƙaramin fakitin muryar malamar nan da ya tarar da ma'ajiyar a cike sai ya jira wannan lokacin, alhali ƙa'idar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna cewa hira takan tafi daidai ne idan jinkirin tafiya ɗaya bai wuce milisakan 150 ba. Maganin shi ne ka jawo layin ya dawo hannunka. Ka auna ainihin saurin da kake samu, sannan ka taƙaita rautarka a kan kamar kashi 90 cikin ɗari nasa, wato megabit 4.5 na ɗorawa da 18 na saukewa idan har kana samun abin da ka biya. Za ka ji kamar ka yi asarar rabin megabit, amma da shi ne ka sayi ikon zaɓar wanda zai fara wucewa.

Amsa ta biyu, daga Sabon Gari:

Bayanin Injiniya na Kongo daidai ne, sai dai akwai abin da ya kamata a duba tun kafin wannan. Tsarin da MikroTik take zuwa da shi daga kamfani yana ɗauke da dokar FastTrack a firewall, wadda take sa yawancin fakitin haɗin da ya riga ya kafu su tsallake mangle da layukan da ka gina. Kaɗan daga ciki suna bin doguwar hanya, shi ya sa kake ganin ƙidayar tana motsi har ka ɗauka aiki take yi. Ka kwatanta ta da abin da yake wucewa ta ƙofar eriyar, za ka ga tazarar. Ka kashe dokar, ka sake kunna rautar, amma ka sa ido a kan nauyin da yake hawa kan furosesa, domin ƙananan rautoci sukan ji jiki idan aka cire ta.

Abu na biyu, ni dai ba na goyon bayan bin manhajoji ɗaya bayan ɗaya ana yi musu alama. Kusan komai yanzu a rufe yake tafiya, adireshin sabobinsu kuma yana sauyawa, dokar da ta yi aiki bana sai ka ga ta daina kamawa baɗi ba tare da ka sani ba. Idan rautarka tana kan manhajar RouterOS 7, akwai nau'in layi mai suna CAKE, wanda ya shiga Linux tun 2018. Shi yana raba hanya ne tsakanin masu amfani da ita, kuma yana barin haɗin da yake aika 'yan fakiti jefi-jefi, irin na murya, ya riga mai ɗora babban fayil wucewa. Ka ba shi adadin saurin kawai, ka gwada mako guda kafin ka ƙara wata doka.

Amsa ta uku, daga Tudun Wada:

Ni a kan Cisco na fi yin aiki, kuma darasin ɗaya ne. A can class-map yake tantance fakiti, policy-map ya faɗi yadda za a yi da kowane rukuni, service-policy ya ɗaura dokar a kan ƙofa, kuma idan saurin da aka saya bai kai na ƙofar ba, dole a saka shape, wato taƙaita sauri, a sama sannan a jera rukunan a ƙarƙashinsa, in ba haka ba an yi aikin banza.

Gyaran da nake so na yi maka, Malam, a kan lamba 46 ne. Wannan alamar, wadda ake kira EF, ta murya ce zalla, domin kira ɗaya a tsarin murya na G.711 kilobit 64 ne, da kan fakiti ya kama kamar 80. Bidiyo kuwa yana iya cin fiye da megabit guda shi kaɗai, kuma gurbinsa AF41 ne, lamba 34. Shawarar da Cisco ta daɗe tana bayarwa ita ce kada layin gaggawa ya wuce kashi 33 cikin ɗari na hanyar, saboda idan kowa ya zama mai gaggawa, masu rajistar da su ne rufin asirin cibiyarka za su zauna suna kallon shafi yana juyawa. Ka kuma sani cewa yawancin kamfanonin intanet ba sa kula da alamar DSCP ta abokin ciniki, wasu ma goge ta suke yi, saboda haka amfaninta a cikin rautarka yake ƙarewa.

Mai tambaya, daga Samaru:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Duka biyun na same su: FastTrack a kunne take, uwar layin kuma babu max-limit. Na kashe ta, na goge dokokina na mangle, na saka CAKE a kan megabit 4.5 da 18. Yau malamar ta yi darasinta na awa biyu ba ta cire abin sauraron ba ko sau ɗaya, alhali wurin a cike yake. Saura matsala guda: bayan Magariba saurin da kamfanin yake ba mu yakan faɗi, na auna na ga wajen megabit 12, kuma a lokacin ping yakan sake hawa.

Amsa daga Kongo:

Dalilin shi ne iyakar da ka saka ta koma sama da abin da hanyar take iya ɗauka, sai layin ya sake komawa can wajensu. Ka yi awo da safe da rana da dare har kwana bakwai, kana rubutawa a takarda, sannan ka yi amfani da scheduler, mai sauya saiti bisa lokaci, ya sauke iyakar zuwa kamar megabit 11 daga ƙarfe shida na yamma, ya mayar da ita 18 da asuba. Ka auna ɗorawar ita ma a wannan lokacin, domin ita ce take ɗauke da muryar malamar. Takardar awon kuma ka adana ta, da ita za ka je ofishin kamfanin idan lokacin sabunta yarjejeniya ya yi.