Agogon Linux ya ƙi daidaita: shawarwarin masu gyara a Gadarif

'Yan'uwanmu masu gyaran kwamfuta a garin Gadarif na ƙasar Sudan sun tattauna kan injin Linux da agogonsa ya ƙi bin na intanet. Ga abin da na tsinta.

Wani dattijo cikinsu ya ce kafin a ɗora wa NTP (tsarin da ke daidaita agogon kwamfuta da na intanet) laifi, a buga umarnin timedatectl a duba yankin lokaci. Ranar 1 ga Nuwamba 2017 Sudan ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya, daga UTC+3 zuwa UTC+2 (UTC shi ne ma'aunin lokaci na duniya). Injin da ba a sabunta masa tzdata (kundin bayanan yankunan lokaci) ba tun lokacin zai riƙa yin gaba da awa guda cif, alhali NTP na aiki lafiya lau. Wannan ce ta fi kama mini hankali, don tsofaffin injuna sun cika shagunanmu.

In ba nan matsalar take ba, sai a buga chronyc sources, umarnin da ke nuna sabobin lokaci da manhajar daidaita agogo ta chrony ke tuntuɓa. Ka ga alamar tambaya a gaban kowace saba, to amsa ba ta isowa. Galibi ƙofar UDP 123, wadda NTP ke bi, aka toshe, ko a rauta ko wajen kamfanin layi. Kuma kada a bar chrony da systemd-timesyncd, masu aiki iri ɗaya, suna ja-in-ja kan agogo ɗaya, a kashe guda.

Shi kuwa ntpd, wata manhajar daidaita agogon, in tazarar agogon injin da na intanet ta haura daƙiƙa 1000 sai ya mutu kawai, dole a tashe shi da zaɓin -g. Mai chrony ya buga chronyc makestep don a gyara agogon nan take.

An ɗan yi gardama kan injin da ke rikicewa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Yawancinsu sun ce ƙaramin batirin CR2032 da ke riƙe agogon injin ne ya ƙare, a sauya shi.