Da me kuke gane aikin ƙungiyarku yana amfani?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ɗora mini haɗa rahoton shekara na ƙungiyarmu, kuma abin da ke hannuna duk ƙidaya ce: taro nawa aka yi, mutum nawa suka zo, littafi nawa aka raba. Yanzu mai ba mu tallafi ya ce sauyin da aka samu yake son gani. Ku da kuka taɓa shiga wannan hali, ya kuka yi?

Jami'ar sa ido: Wa alaikumus salam. Malam, takardar halarta ba ta nuna komai sai cewa mutane sun zo sun zauna. Mu aikin karatun yara muke yi. Sai da muka fara gwada yaro kafin ya shiga aji, mu sake gwada shi a ƙarshen zango, sannan muka gane ajin da ya fi cika ba shi ya fi koyarwa ba. In ba a auna tun farko ba, da me za a kwatanta? Ka nemi ma'aunan tantance ayyukan tallafi na DAC, wato kwamitin masu ba da tallafin raya ƙasa na ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD. Tun 1991 guda biyar ne: dacewa da buƙata, cimma buri, tattalin kuɗi, tasiri da ɗorewa. A 2019 aka ƙara na shida, wato jituwa da sauran ayyukan da ake yi a wurin.

Ma'aji: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ni wajen kuɗi na fi damuwa. Mun taɓa aiki da wani mai tallafi da ya ƙi biyan albashin akanta, wai kuɗin ofis ɓarna ne, kuma shi ne ke neman rahoton kuɗi tsaf kowane wata. Tun 2013 cibiyoyin Amurka masu bin diddigin ƙungiyoyin agaji, wato Charity Navigator da GuideStar da BBB Wise Giving Alliance, suka fitar da wasiƙa cewa ƙarancin kuɗin gudanarwa kaɗai ba ya nuna ingancin ƙungiya. Ni abu biyu nake dubawa: in tallafi ya tsaya yau, wata nawa za mu iya biyan ma'aikata, kuma kashi nawa na kuɗinmu ke fitowa daga hannu ɗaya. An fi ba da shawarar ajiyar wata uku zuwa shida. Kowa ya ga yadda ƙungiyoyi suka girgiza a Janairun 2025, da Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90.

Injiniyan ruwa: Mu ranar ƙaddamar da rijiyar burtsatse ba ta shiga lissafinmu. Muna komawa bayan shekara biyu ba sanarwa. Wasu mu tarar suna aiki, wasu famfon ya lalace saboda wata 'yar roba da ba wanda ya san inda ake sayenta. Inda kwamiti ke tara kuɗin gyara, kuma akwai makaniki a kusa, nan ruwa ke ci gaba da fitowa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Injiniya, kuɗin wannan komawar bayan an rufe aiki, wa ke biya?

Injiniyan ruwa: Tun a takardar neman tallafi muke saka shi. Wasu su amince, wasu su cire shi daga kasafin.