Shawarwarin tsofaffin masu busa ga mai son jagorantar fanfar, wato ƙungiyar masu busa

A hirar da tsofaffin masu busa suka yi da matasa a Yamai, bakinsu ya zo ɗaya: kada ka ɗauki sandar jagora sai ka shekara biyar ko fi kana busa a cikin sahu. Solfej, wato ilimin karanta rubutun kiɗa, dole ne. Ana iya fara shi a cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya, ko a fanfar ɗin soja.

Inda suka fi daɗewa shi ne karatun partisiyo, wato takardar da aka rubuta kiɗa a kai. Kilarinet da turumpet na si bemol suna fitar da sauti ƙasa da abin da aka rubuta da ton guda, wato mataki ɗaya na sauti: ka ga do, kunne ya ji si bemol. Saksofon alto kuwa na mi bemol ne. Jagoran da bai riƙe wannan ba zai yi ta gyara wa mai busa kuskuren da bai yi ba, nan da nan girmansa ya zube.

Hannu kuma: a kiɗa mai bugu huɗu, jagora yana kai shi ƙasa, hagu, dama, sama. Maci na fareti bugu 120 ne a minti. Yawancin shigar da ke watsewa laifin jagora ne, don bai ɗaga hannu ya ja numfashi tare da su kafin bugun farko ba.

Zafin Afrilu yana ɗaga sautin kayan busa, saboda haka a bari su ɗumama kafin a daidaita, a sake bayan minti goma. Da hunturu harshen karan kilarinet yana bushewa, sai an jiƙa shi.

Batun abinci, albashi tsayayye yana wurin masu kaki ko koyarwa. Mai hangen nesa ya sa ido kan gasar jagororin kiɗa ta Bezanso a Faransa, wadda aka fara a 1951.